Littafin aikin manhajar masaukin Kawu, daga Rajab zuwa tsakiyar azumi

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Yau Kawu ya miƙo min makullin ɗakin da kwamfutar take, ya ce, "To ɗana, kafin a ga watan azumi nake so abin nan ya tashi." Na ƙirga, saura mako bakwai.

Ofishin ƙarami ne, a nan Misfala, ƙasa da Harami. Masu Umara muke karɓa, yawanci daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. A ɗauko su daga filin jirgin Jidda, a sauke su a masauki, a kai su Madina ziyara, a dawo da su. Har yau duk wannan a littafin rajista yake, da rukunin WhatsApp da ba ya barci. Wani ya fara gina musu manhaja bara, ya sami aiki a Riyad ya tafi, ya bar ta ba kai ba gindi. Da React ya yi fuskarta, Redux ne rumbun da take ajiye bayanai, sannan ya sa redux-observable a tsakani domin magana da saba, wato babbar kwamfutar da ke can nesa tana riƙe da bayanan.

Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan saboda ƙanena da zai gaji aikin in na koma makaranta, kada shi ma ya tarar da kango kamar yadda na tarar. Don haka bari in sa wa abubuwa suna tun yanzu. Duk abin da ya faru a manhaja, ko danna maɓalli ko amsa daga saba, saƙo ne da ake jefa wa rumbu. Masu redux-observable suna da ɗan aiken da suke kira Epic: yana tsaye yana sauraron saƙonnin da ke wucewa, in ya ji nasa sai ya je ya yi aiki, ya dawo da wani saƙon. Saƙonnin suna zuwa masa ne ta Observable na RxJS (kundin kayan aikin da redux-observable yake dogara da shi), wanda zan riƙa kira magudana, tunda abu ne da ke ta kwararowa. Promise kuwa, abin da JavaScript ke miƙa maka ka riƙe kafin amsa ta iso, alkawari zan ce masa, fassararsa ke nan.

Matsalar da na fara gani: duk ayyukan da ke kiran saba da `fetch`, hanyar da burauza ke tura buƙata, aka rubuta su, wato alkawari suke mayarwa, ɗan aike kuma magudana ya sani. Aikina shi ne in haɗa su aure.

Talata, 14 ga Janairu

`from(fetch(...))`. `from` yana naɗe alkawari ya mayar da shi magudana. Shi ke nan, jerin baƙi ya fito a allo. Ashe ma `mergeMap` da 'yan uwansa, masu mayar da kowane saƙo ya zama buƙata, suna karɓar alkawari kai tsaye ba sai an naɗe shi ba. Na tashi da wuri, na sha shayi a titin Ibrahim Khalil ina jin kaina.

Alhamis, 23 ga Janairu

Hajiya mai rabon ɗakuna ta gwada akwatin neman suna, ta kira ni. "Kai yaro, zo ka gani. Na rubuta Abdullahi, ya kawo min Abdullahi, kafin in taɓa sai ya juye ya cika min da su Abdulƙadir da Abdurrahman."

Gaskiyarta. Kowane harafi ta buga, buƙata ɗaya ce take tafiya saba, kuma `mergeMap` yana barin su duka su yi tsere. Amsar "Abd" ta fi yawa, ta fi nauyi, sai ta iso bayan amsar "Abdullahi" ta zauna a kanta. Rumbu bai san wacce ce sabuwa ba, wadda ta zo ƙarshe ita yake ɗauka. Na canza zuwa `switchMap`, wanda da zarar sabon saƙo ya shigo yake juya wa tsohon baya, na ƙara `debounceTime(300)` don ya jira ta ɗan tsagaita da bugu, da `distinctUntilChanged` don kada a nemi abu ɗaya sau biyu a jere. Allo ya natsu.

Amma da na buɗe shafin da burauza ke nuna zirga-zirgar buƙatu, sai na ga tsofaffin suna nan suna tafiya har ƙarshe, suna sauke kayansu, ba mai karɓa. `switchMap` ya daina sauraro ne kawai. Alkawari ba shi da igiyar da za a ja a dawo da shi, zarar bunu ne. Tun da aka shigar da shi JavaScript a 2015 haka yake, ba a sa masa hanyar sokewa ba. Abin da burauza suka kawo daga baya shi ne `AbortController`: ka ƙirƙire shi, ka ba `fetch` alamarsa, in ka kira `abort()` sai buƙatar ta yanke. RxJS kuma yana da `fromFetch`, a cikin `rxjs/fetch`, wanda yake ɗaura wannan da kansa, duk lokacin da aka bar sauraron magudanar sai ya yanke buƙatar.

Akwai ɗan tarko a nan da ya ci min awa guda. `fetch` yana cika alkawarinsa da zarar kan amsa ya iso, gangar jikin tana biyowa daga baya ta `response.json()`, wanda shi ma wani alkawarin ne. In ka bar `fromFetch` haka kawai, da kan amsar ya iso ya gama nasa, yankewar ba za ta shafi saukar jikin ba. Sai ka ba shi `selector`, ka karanta jikin a ciki, sannan igiyar take kaiwa har ƙarshe. Yanzu tsofaffin buƙatun suna fitowa da ja, an soke su. Ma'aikatanmu da datar wayarsu suke aiki a bakin otal, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Laraba, 29 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da na fahimci abin da nake yi, bayan sati biyu ina yi.

Na bi direbanmu zuwa Aziziyya don in ga yadda zai yi rajistar waɗanda suka hau mota. Duk wanda ya san Makka ya san hanyoyinta cikin duwatsu aka huda su. Muna cikin rami ya danna, sabis ya ɗan yi rawa, manhaja ta ce an kasa. Ni kuwa na riga na sa `retry(3)` a wannan wurin tun makon jiya, har na yi wa Kawu alfahari cewa in ta faɗi sau uku take tashi da kanta. Direba ya dube ni ya ce, "Malam, ina tashin?"

Da na koma ofis na kashe intanet na gwada. Buƙata ɗaya tak ta fita. Ba ta biyu, ba ta uku. Ga abin da na rubuta:

`from(ajiyeHawa(bayani)).pipe(retry(3))`

Na daɗe ina kallonsa kafin in gani. `ajiyeHawa(bayani)` ana kiransa ne nan take, kafin ma `from` ya karɓi komai. Abin da ya isa hannun `from` alkawari ne da ya riga ya kama hanya. Shi `retry` ba ya sake kiran aikin, abin da ya iya shi ne ya sake kafa kunne ga magudanar da ke samansa. Ita kuma magudanar alkawari ɗaya take riƙe da shi, wanda ya riga ya karye, kuma alkawarin da ya karye ya karye ke nan, ko sau ɗari ka tambaye shi amsa ɗaya zai ba ka. Wato sau uku na koma gidan da aka riga aka ce min mai gidan ya rasu, ina sallama.

Bambancin na asali a nan yake. Alkawari mai gaggawa ne, ana haifarsa yake fara aiki, ko da mai jira ko babu, kuma sau ɗaya yake bayarwa. Magudana irin wadda muke amfani da ita ba ta motsi sai an kafa mata kunne, kuma duk wanda ya kafa kunne daga farko take fara masa. Duk kayan aikin RxJS da nake taƙama da su, maimaitawa da sokewa da jinkirtawa, a kan wannan halin na biyu aka gina su. In ka kawo musu abin da ya riga ya tashi, ba su da abin yi da shi sai kallo.

Maganin kalma ɗaya ce:

`defer(() => ajiyeHawa(bayani)).pipe(retry(...))`

`defer` ba alkawari yake riƙewa ba, yadda ake ƙulla alkawarin yake riƙewa. Duk sanda aka kafa kunne sai ya ƙulla sabo. `fromFetch` ma haka yake, ba ya tura komai sai an saurare shi. Na bi fayilolin duka na nemo kowane `from(` da ke da kiran saba a cikinsa, guda goma sha ɗaya, bakwai na wanda ya gabace ni, huɗu nawa.

Na kuma sa jinkiri tsakanin gwaji da gwaji, tunda RxJS 7 muke kai kuma `retry` ɗinsa yana karɓar `count` da `delay`. Daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu. Maimaitawa uku cikin ƙiftawar ido ba ta da amfani ga motar da ke tsakiyar rami.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na ɓata saba da gangan ya riƙa mayar da 500, lambar da ke nufin matsala daga wurinsa take. Manhaja ta nuna koren maki, wai an ajiye. Na manta `fetch` ba ya ɗaukar 404 ko 500 a matsayin karyewa. A wurinsa tunda saba ya amsa, ko da zagi ne, aike ya isa. Sai hanya ta yanke, ko an soke, yake karyewa. Dole ka duba `response.ok` da kanka, wanda yake gaskiya daga 200 zuwa 299, in ba haka ba ka jefa kuskure da hannunka. Na tara wannan a wuri guda, kowane kira ta nan yake bi. Na kuma raba: yankewar hanya da kuskuren da ya fara da 5 a maimaita, wanda ya fara da 4 kada a maimaita, domin lambar fasfon da ba daidai ba ba za ta gyaru don an sake turawa ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Hajiya ta ce manhajar tana fushi. Na ce kamar yaya, Hajiya? Ta ce, "In ta yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan ta ɗauke kai, ko me na danna ba ta kula ni sai na rufe na buɗe."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan daidai ba. `catchError`, mai tare kuskure, na sa a can ƙasa, a ƙarshen bututun ɗan aiken gaba ɗaya. A RxJS kuskure yana kashe magudanar da ya bi ta cikinta. Da ya fito daga buƙatar ya hau babbar magudanar saƙonni, sai `catchError` ya tare shi, ya maye gurbinta da saƙo ɗaya na "an kasa", saƙon ya fita, magudana ta ƙare. Ɗan aike ya mutu a tsaye. Maɓalli yana ta jefa saƙo a rumbu, ba mai sauraro. Ba wani jan rubutu, ba komai, shiru kawai, shi ya sa ban gani ba tun farko, ni da nake sabunta shafi kowane minti biyar.

Wurin `catchError` cikin `switchMap` ne, manne da buƙatar, don ƙaramar magudana ta mutu babbar ta rayu. Wuri biyar na gyara.

Da daddare na ba wani abokina labari, yana aiki da Angular, takwaran React, a Jidda. Ya yi dariya ya ce su a NgRx, irin nasu rumbun, in irin wannan ɗan aiken ya faɗi ana sake tayar da shi har sau goma, kuma `HttpClient` ɗinsu magudana yake bayarwa tun asali, ba ruwansu da `defer`. Na ce Allah ya ba mu irin sa'arku. Amma a raina ban tabbata sa'a ce ba, abin da ake ɗaga maka sau goma a ɓoye sai ranar ta goma sha ɗaya za ka san yana faɗuwa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Saura kwana tara, kuma yau na kusa jawo wa Kawu asara.

Tun da `switchMap` ya gyara min neman suna na kamu da sonsa, na bi ko'ina na zuba shi, har da wurin karɓar kuɗi. A gwajin yau yaron da ke kan kanta ya shigar da riyal 1,500 na wani baƙo, ya ga abin yana juyawa, ya sake dannawa. A allo biya ɗaya ya fito. A saba biyu. Buƙatar farko ta riga ta isa, saba ya rubuta, sannan na yanke ta daga ɓangarena. Yankewa tana hana ni jin amsa ne, ba ta goge abin da aka riga aka rubuta a can. Ga neman suna wannan ba komai, tambaya ce, in ka fasa ji ba wanda ya cutu. Ga kuɗi kuwa ka bar baƙo da rasit ɗaya, littafi da biyu.

Na je na sami Kawu bayan la'asar, don na gane ba ni ke da amsar ba. Na ce, "Kawu, in mutum ya miƙo kuɗi kana cikin ƙirgawa, sai ya sake miƙo hannu, me kake yi?" Ya ce, "Sai in ce ya dakata in gama." Na ce to in Hajiya ta ba mutum ɗaki 304, nan take ta canza ta ce 310? Ya ce, "A bi yadda ta faɗa, na farko sannan na biyu, kada a tsallake, don mai shara yana bin takardar." Na ce hotunan fasfo arba'in na rukuni guda fa? Ya ce, "Wannan kuma ko ta ina, su dai shiga." Ya dube ni. "Wannan ne aikin da ka ce yana da wuya?"

Bai sani ba ya zaɓa min `exhaustMap` ga kuɗi, wanda yake toshe kunne ga sabon danni har na farko ya kammala, da `concatMap` ga rabon ɗaki, wanda yake jera su a layi, da `mergeMap` ga hotuna, na iyakance shi huɗu a lokaci guda don kada su shaƙe hanya. `switchMap` ya koma inda ya dace da shi, wurin tambayoyin da sabuwa ke kashe tsohuwa. Da na san haka da tun ranar farko na zauna da shi da Hajiya na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya.

`exhaustMap` kaɗai bai isa ba, domin `retry` ɗina ma zai iya ninka biya: saba ya rubuta, amsa ta ɓace a hanya, ni kuma in sake turawa. Don haka kowane biya yanzu yana tafiya da lambar shaida daga `crypto.randomUUID()`, saba in ya ga lambar da ya taɓa gani sai ya mayar da tsohuwar amsa bai sake rubutawa ba. A lura, ƙanena: lambar a wajen `defer` ake ƙirƙirarta, buƙatar a ciki. In ka sa lambar a ciki, kowane gwaji zai zo da sabuwa, ka koma gidan jiya. Na yi wannan kuskuren na minti ashirin.

Talata, 25 ga Fabrairu

Gwaje-gwaje. `TestScheduler` na RxJS yana tafiyar da agogon ƙarya, amma ba shi da iko a kan alkawari, shi a nasa layin yake cika. Sai na daina shigo da ayyukan saba kai tsaye cikin 'yan aike, na riƙa miƙa su ta `dependencies` na redux-observable, a gwaji in musanya su da magudanar ƙarya. Inda nake son komawa alkawari don in yi `await`, `firstValueFrom` nake sawa, tunda `toPromise` an yi masa ritaya a RxJS 7.

Abokin nan na Jidda ya tambaye ni me ya sa ban watsar da redux-observable na koma RTK Query, kayan kiran saba na masu Redux, ba, tunda masu redux-observable ma gyaran abin da ya lalace kawai suke yi yanzu. Da daga fari nake ginawa, jerin baƙi da jerin ɗakuna da can zan kai su. Amma layin ɗakuna da toshe kunnen kuɗi sun zauna daram a inda suke, kuma saura kwana huɗu. Ba a sauya doki a tsakiyar rafi.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan 1446

Mun tashi. Rukunin farko sun sauka Jidda da asuba, an yi musu rajista a mota kafin su iso Makka, Hajiya ta tarar da sunayensu suna jiranta. Ta ajiye littafin rajista kusa da ita duk da haka, tana rubutawa a duka biyun. Ban ce komai ba.

Laraba, 12 ga Maris

Kwana goma sha ɗaya lafiya, jiya bayan tarawihi aka kira ni. Maɓallin kuɗi ya ƙame a wayar yaron kanta, ga layi har bakin ƙofa.

Lokacin da jama'a suka fito daga Harami kowa ya ɗaga waya, sabis yana nan a rubuce amma ba abin da ke wucewa. Buƙatar ba ta isa ba, ba ta kuma karye ba, tana rataye. `fetch` ba shi da wa'adin da zai haƙura da kansa a kan lokacin da zai yi mana amfani. Tunda ba kuskure, `retry` bai motsa ba. Tunda ta farko ba ta kammala ba, `exhaustMap` yana ta yin abin da Kawu ya ce, yana cewa kowa ya dakata. Kowannensu yana kan gaskiyarsa, baƙi suna tsaye da kuɗi a hannu.

Na sa `timeout(15000)` tsakanin buƙatar da `retry`. In daƙiƙa goma sha biyar ta wuce shiru, sai ya jefa kuskure, barin sauraron ya sa `fromFetch` ya yanke ta rataye, `retry` ya tura sabuwa da tsohuwar lambar shaida. Sai a nan na tarar ashe kiran kuɗin da `defer` da `fetch` tsirara yake, ba `AbortController`, na mayar da shi `fromFetch` shi ma. Na kuma ƙara kuskuren wa'adi cikin waɗanda ake maimaitawa, don da farko mai tacewar bai san shi ba. Na gama ana kiran sahur.

Abin da ya rage kafin goman ƙarshe, lokacin da Kawu ya ce ko tsayuwa ba a samu a ofis:

A nuna wa ma'aikaci cewa ana sake gwadawa, da gwaji na nawa ake, maimakon da'irar da ke juyawa ba bayani.

`takeUntil` a shafin baƙo, don in an bar shafin buƙatarsa ta yanke. Yanzu amsar baƙon da aka bari tana iya shigowa rumbu bayan an buɗe na gaba.

Layin `concatMap` na ɗakuna a ƙwaƙwalwar shafi yake, in waya ta mutu ya tafi. Ina duba IndexedDB, ma'ajiyar da ke cikin burauza, amma ina jin wannan sai bayan salla.

Hajiya ta ce in ƙara girman rubutun lambar ɗaki. Wannan zan fara yi gobe.